Ranar Da Nace Sunana Yunwa: Yadda Na Fara Haɗa Jimla Da Yaren Chahta

Abun a gidan mai ya fara. Ina tsaye ina zuba ma motata mai, dan a nan kai ke zuba ma kanka babu wani yaro da zai zo ya riƙe maka tiyo, sai idona ya faɗa kan lambar wata akori-kura dake gabana, an rubuta Chahta Sia Hoke. Watana huɗu kenan a Durant a lokacin, wani ɗan gari ne a kudancin jihar Oklahoma, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi daga Dalas, kuma kullum ina ganin rubutun nan a jikin motoci ban taɓa tambaya ba. Ranar dai nace matambayi baya ɓata, na tambayi mai motar, wani dattijo mai hular kaboyi. Yace ma'anarsa "ni Chahta ne". Shikenan ya ja motarsa. Ni kuma na tsaya ina ta juya kalmomin uku a kaina, wanne ne "ni" wanne ne "ne" a ciki.

Chahta shine sunan da suke kiran kansu, Turawa ne ke ce musu Choctaw. Da mu zamu rubuta da ƙa'idarmu Cahta zamu sa tunda c ɗinmu ta wadatar. Asalinsu mutanen Misisipi ne, a 1830 aka sa su hannu a yarjejeniyar Dancing Rabbit Creek, daga 1831 zuwa 1833 aka taso mafi yawansu zuwa nan, da yawa a ƙafa cikin hunturu, dubbai suka mutu a hanya. Waɗanda suka ƙi tashi jikokinsu na can Misisipi har yau, akwai kuma wasu kaɗan a Luwiziyana. Hedkwatar na Oklahoma a Durant ɗin take. Kai shi kansa sunan jihar yarensu ne, okla mutane, humma ja, wani shugabansu Allen Wright ne ya kawo sunan a 1866. Wato na yi wata huɗu ina faɗin kalmomin Chahta biyu duk sanda aka tambayeni ina nake zaune, ban sani ba.

Suna koyar da yaren kyauta, akwai na intanet akwai na zuwa aji da yamma, ni na zaɓi na zuwa aji saboda na san halina, in a waya ne zan buɗe darasi in ƙare a Facebook. Dana gaya ma Hajiyarmu a waya cewa tayi "kai da aka tura karatu ka rasa abun koyo sai yaren da ba mai ji a Zariya, wa zaka yi wa?" Nace Hajiya sau ɗaya ne a sati. Tace to Allah ya bada sa'a, irin addu'ar nan da kasan ba a yarda da kai ba.

Mu goma sha wani abu ne a ajin, ni kaɗai ne baƙar fata kuma ni kaɗai ne ba ni da kaka ko kakan kaka Chahta. Yawancinsu manya ne, akwai masu shekara hamsin da sittin da suka taso suna jin yaren a bakin kakanninsu amma ba a koya musu ba, saboda su kakannin an dake su a makarantun kwana akan yin yarensu sai suka ga gara yaransu su tashi da Turanci kawai. Dana ji haka sai na tuna sakandarenmu da monita mai rubuta sunan masu yin banakula, mu dai tara ce ta naira biyar ko sharar aji, kuma kana fita get Hausa ce ke jiranka ko'ina. Su babu get ɗin da zasu fita su tarar da nasu.

Darasin farko gaisuwa ce. Halito, sannu. Chim achukma? kana lafiya. Vm achukma, ina lafiya. Chishnato? kai fa. Yakoke, na gode. To ni Bahaushe ina jiran ina gajiya ina iyali ya sanyi ya aka ji da jama'a, sai naga an wuce. Nace Malama shikenan? Tace shikenan.

Wannan v ɗin da kuke gani a vm ba baƙi bane, wasali ne, gajeren a ne, am ake cewa. A littafi wani harafi ne mai kama da u mai lanƙwasa, amma da yake babu shi a kibod sai kowa ke buga v, kamar dai yadda muke fama da ƙ da ɗ da ɓ a waya. Tsarin rubutun tun na 'yan mishan ne na ƙarni na 19, irin su Cyrus Byington wanda ƙamus ɗinsa ya fito a 1915 bayan ya daɗe da rasuwa. Sannan in kaga an ja layi a ƙarƙashin wasali to ta hanci ake fitar da shi, kamar a̱ wato eh. A'a kuma keyu ko kiyo. Akwai kuma lh, wani sauti da zaka ɗora harshe kamar zaka ce l sai ka huro iska ta gefe, 'yan ajin sun sha wuya da shi, ni kuma na taɓa zama ɗaki ɗaya da wani Babur ɗan Biu a jami'a kuma yarensu na da irinsa, sai ya zo min da sauƙi. Kalmar rawa hilha ce, a kanta muka yi ta gwaji.

Sati na biyu ne na sha kunya. An koya mana faɗin suna, Sa hohchifo yvt kaza, sunana kaza. A wannan darasin dai aka bamu sa hohchvffo, ina jin yunwa. Ku duba kalmomin nan biyu dan Allah, hohchifo da hohchvffo. Aka ce kowa ya miƙe ya gabatar da kansa, aka zo kaina na miƙe da ƙwarin gwiwata nace sa hohchvffo yvt, na faɗi sunana. Ajin yayi tsit na ɗan lokaci sai wata tsohuwa dake gefena ta buɗe jakarta ta miƙo min biskit ba tare da ta ko kalleni ba, nan fa aka fashe da dariya har Malama sai da ta dafa tebur. Abun haushin shine ni ya kamata in fi kowa kiyaye wannan, mu da muke da baba da babba, da fari na launi da fari na ɗan fari, mun san abunda tsawon wasali da nanata baƙi ke yi ma magana. Tun ranar tsohuwar nan bata sake zuwa aji ba tare da ta kawo min wani abun tsotsa ba.

Daga nan muka shiga haɗa jimla, wanda shine ainihin abunda ya kaini. Ni a ganina haddar kalmomi ba komai bace, zaka iya haddace ofi kare, katos kyanwa, issuba doki, wak saniya, hattak namiji, ohoyo mace, vlla yaro, chukka gida, oka ruwa, nipi nama, tanchi masara, ka cika littafi, amma in baka iya cewa kare ya sha ruwa ba to ƙamus ne kai ba mai magana ba.

Doka ta farko, aikatau a ƙarshe yake zuwa. Mu muna cewa mutum ya sha ruwa, su mutum ruwa sha. Hattak vt oka ishko. Ohoyo yvt nipi chompa, mace tana sayen nama, ko kuma mace nama saye in za a bi shi tiryan-tiryan. Wanda ya taɓa jin Kanuri ba zai ga baƙon abu ba dan suma haka suke jera tasu. Wannan vt ko yvt ɗin kuma wata 'yar alama ce da ake liƙa ma wanda yayi aikin, in kalmar ta ƙare da baƙi vt, in da wasali yvt. Ofi yvt katos pisa, kare yaga kyanwa. Katos vt ofi pisa, kyanwa taga kare.

Sati biyu ina cin tuntuɓe a nan, kuma sai daga baya na gano dalili. Darasin da Turanci ake yi, to ni sai in yi tunanin abun da Hausa, in juya shi Turanci, sannan in juya Turancin zuwa Chahta, kafin in iso jimlar ta gaji nima na gaji. Wani dare na zauna da aikin gida, an ce mu fassara baƙaƙen karnuka biyu, na rubuta na goge na rubuta na goge saboda Turanci na ta tura min biyu a gaba, baƙi a tsakiya, kare a ƙarshe. Amsar ita ce ofi lusa tuklo. Na kalleta na sake kallo, kare baƙi biyu. Ai wannan jerin namu ne! Mu ma kare biyu muke cewa ba biyu kare ba, kuma muna iya cewa kare baƙi, gida babba, su chukka chito. Har jam'in ma basu damu da shi ba, ofi ɗaya ofi goma duk ofi ne, kamar yadda muke cewa akuya uku a kasuwa ba wanda zai ce ka yi kuskure. Wallahi a daren na ɗauko sabon littafi na raba shafi biyu, Chahta a hagu Hausa a dama, Turanci na barshi a bakin ƙofa. Daga ranar abun ya fara tafiya.

Lissafinsu ma da daɗi, achvffa, tuklo, tuchena, ushta, tahlapi, sai hannali shida, bakwai kuma untuklo takwas untuchena, kaga biyu da uku sun dawo an ɗora su akan biyar, irin yadda Fulani ke yi da jowi da joweɗiɗi.

Inda alamar nan yvt ta nuna min ita ba ado bace shine a wajen sifa. Ofi lusa, baƙin kare kenan, ba jimla bace. Ofi yvt lusa, karen baƙi ne, jimla ta cika, babu wani ne ko ce, ita sifar da kanta take zama kamar aikatau. In kuma kace ofi lusa yvt nusi to baƙin karen yana barci. Wato alamar jira take sai ka gama kwatanta mai aikin tsaf sannan ta zo ta rufe, duk abunda ya biyo bayanta labari ne akansa. Na yanka kwali na rubuta kalmomi ina jera su a ƙasan ɗaki ina matsar da yvt gaba da baya ina ganin yadda ma'ana ke sauyawa. Maƙwabcina yana da wani ƙaton kare baƙi da bana shiri da shi ko kaɗan, amma shi ya zama ɗan aikina, duk safiya in na leƙa taga sai na haɗa jimla a kansa. Ofi yvt balili, yana gudu. Ofi chito yvt oka ishko. Ofi yvt impa, yana cin abinci. Bawan Allah bai san yana koyar da ni ba.

Sai wakilin suna. Mu namu a gaba suke duka, na ci, ka ci, ya ci, ta ci, mun ci. Su sun raba, "kai" ɗafa-goshi ne ish, amma "ni" ɗafa-ƙeya ne li. Impa li, ina cin abinci. Ish impa, kana ci. Il impa, muna ci. Hvsh impa, kuna ci. Shi ko ita kuma babu komai, impa kawai, yana ci ko tana ci, in kana son nuna suna da yawa sai ka sa okla a gaba. Babu jinsi sam, ba ka da ki, ba ya da ta, ish ɗin nan na mace da namiji ne. Na gaya ma Malama cewa a yarenmu har tebur da kujera sai ka san wanne ne namiji wacce ce mace, ta riƙe baki. Abun dariya shine in kalmar da kanta ta ƙare da li ko ta fara da ish, ina gudu balili li, kana shan ruwa oka ish ishko, sai kaji kamar mai in'ina.

Na ɗauka na gama da "ni" tunda na kama li. Ashe tsugunne bata ƙare ba. Muka zo kan ina son ruwa, na rubuta oka bvnna li da saurina, Malama ta ja jan biro. Oka sa bvnna. Na gaji, sa tikahbi. Ina jin yunwa, sa hohchvffo ɗin nan tawa. Nace to ya akayi "ni" ya koma sa kuma ya dawo gaba? Tayi bayani da Turanci, 'yan aji suka yi ta tambaya suna ƙara rikicewa, wani ma cewa yayi a bamu jerin kalmomin kawai mu haddace wanne ke ɗaukar li wanne ke ɗaukar sa. Ni dai na koma gida da abun a raina.

A mota ya faɗo min, ina jiran danja. Mun riga mun koyi chi pisa li, ina ganinka, da sa pisa, yana ganina. To sa ɗin nan ai ba "na" bane, "ni" ne na wanda aka yi wa abu, irin na ya ganni, ya kamani. Kenan sa hohchvffo ba wai ina aikata yunwa bane, yunwa ce ta sameni. Kai jama'a, ai mu kullum haka muke magana! Yunwa ta kamani, zazzaɓi ya rufeni, barci ya ɗaukeni, gajiya ta isheni, tsoro ya kamani. Bature ne zai ce shi ne yunwar da bakinsa kamar yadda zai ce shi ne likita, shi yasa 'yan ajin suka kasa ganin bambancin. Bahaushe yasan gudu kai kake yinsa, yunwa kuwa zuwa take ta sameka. Abunda kayi da ganganci li da ish, abunda ya sauko maka sa da chi. Har so ma a wajensu abu ne da yake kama mutum, kuma duk wanda ya taɓa yi yasan basu yi ƙarya ba. Ba kowace kalma ce ke bin dokar ɗari bisa ɗari ba, akwai masu taurin kai da sai dai ka haddace, amma ta ɗaukeni nesa. Na baya ya yi ta min hon, danja ta daɗe da bada hannu.

Sati na gaba na faɗa a aji, na rubuta yunwa ta kama ni a allo na fassara musu kalma bayan kalma. Tsohuwar biskit tace to ai kai ka zo da makullinka daga gida.

Akwai layi na uku kuma, vm da chim da im, mai ma'anar gareni gareka, shine na cikin chim achukma, kamar kace lafiya gareka? Kuma da su ake mallaka. Vm ofi karena, a̱ chukka gidana, m ɗin ke narkewa ta koma hanci in baƙi ya biyo. Amma abunda ba a raba ka da shi yawanci sa yake ɗauka, sashki mahaifiyata, sa nushkobo kaina, sa hohchifo sunana. Kare ana iya sayarwa, gida ana iya tashi, uwa da kai da suna kuwa suna nan. Uba kuma sai ya ɓalle ya koma ɗaya layin, a̱ki, kar ku tambayeni laifin me yayi.

Lokaci bai bani wahala ba, a bayan aikatau ake jefa shi. Tamaha ia li, ina zuwa gari. Tamaha ia li tuk, na je gari, ɗazu ko jiya. In abun ya daɗe sosai tok ake cewa, da ɗan jan wasali, irin na da can. Mai zuwa kuma achi̱ ne, in ya haɗu da li sai su narke su zama la chi̱, tamaha ia la chi̱, zan je gari. Ina rubuta wannan sai na daskare, dan tun ranar farko muke rufe aji da chi pisa la chike, an ce mana sallama ce mun haddace kamar karatun aku. Ashe jimla ce cikakkiya, chi kai, pisa gani, la chi zan, ke ɗin ƙarfafawa. Zan ganka, tabbas. Malama tace basu da wata kalmar ban kwana sai wannan. Nace mu ma ai sai an jima ne da sai gobe da sai wata rana, duk alƙawarin sake haɗuwa ne, in ka cire na Larabci.

Tambaya kuma sai ka ƙara ho̱ a ƙarshe. Kafi chi bvnna ho̱? kana son kofi? Chi hohchvffo ho̱? Kunnena "ko" yake ji duk sanda aka faɗa, kana son kofi ko? Nanta me, katimma ina, katimma ish ia? ina zaka. Af, kafi ɗin aro ne, suma suna ara kamar yadda muka ari mota da tebur, wak daga Sifaniyanci, shapo hula daga Faransanci, mutanen Nijar zasu gane wannan. Doki kuwa da ya zo musu sai suka duba abunda suka sani suka ce issi holba, mai kama da barewa, ya dunƙule ya zama issuba.

Korewa hanya biyu ce. Mai sauƙin ka sa kiyo a ƙarshe, impa li kiyo, bana ci. Mai wuyar kuma ita 'yan aji suka tsana, ana sa abu a gaba a kuma sauya wasalin ƙarshe ya koma o, impa ta zama ak impo ban ci ba, ikhana sani, ak ikhano ban sani ba. Suna ta ƙorafin me yasa za a kore abu sau biyu gaba da baya. Ni ko nayi shiru ina murmushi, ɗan gidan ba da ba, mu da muke sa jimla a tsakiya mu datse ta ta kowane gefe.

Kar in cika baki, akwai inda Hausa ta sakeni a ruwa. Tafiya ma kawai, mutum ɗaya ia, mutum biyu ittiachi, in sun kai uku ilhkoli, kalmomi daban-daban da ko kama basa yi. Sannan in zaka haɗa jimla biyu sai ka nuna tun kafin ka ƙarasa ko mai aikin farko shine mai na biyu ko wani ne daban, cha in shine, na in wani ne. Wannan har yau in na zo kansa sai na tsaya kamar mai tsallaka titin Kano zuwa Zariya, galibi ma sai in yanka jimlar gida biyu in huta.

Wajen ƙarshen zango aka yi cin abinci na aji, kowa ya kawo abunda ya iya, ni na dafa jalof dan shi kaɗai nake da tabbacin ba zai bani kunya ba. Sharaɗin Malama shine a kan layin abinci ba Turanci. Akwai banaha, garin masara ne ake ƙullawa a ɓawon masara a dafa, kamar dokunun Gana sai dai ba tsami. Akwai kuma tanchi labona, surfaffiyar masara da ake dafawa ta daɗe a wuta da nama, kuma na riga na bincika nasan naman alade ake sawa galibi. To kwana uku kafin ranar na zauna na gina jimlata da kaina, ba wanda ya bani. Shukha alade, nipi nama, vpa ci, dan impa cin abinci ne kawai, in zaka ambaci abunda ake ci vpa ake cewa. Sai li, sai kiyo. Abunda ake ci a gaba, aikatau a baya, ni a ƙeyarsa, korewa ta rufe. Na maimaita ta a wanka, a mota, a layin kanti.

Tsohuwar biskit ce ke riƙe da ludayin tanchi labona. Ta kalleni tace chi hohchvffo ho̱? tana danne dariya. Nace a̱, sa hohchvffo, a wannan karon da gangan. Ta ɗebo zata zuba min, na ɗan janye faranti nace Mama, shukha nipi vpa li kiyo. Gabana na faɗuwa kar ta ji haushi ko kuma ace na sake cewa sunana alade. Ta tsaya da ludayi a sama, tace ome, wato to, ta maida shi tukunya, ta nuna min wani kwano can gefe tace aka̱ka, kaza. Bata juya zuwa Turanci ba, bata gyara min komai ba, ta juya kan na bayana ta cigaba da rabonta. Na ɗebi kazar da banaha biyu nace yakoke.

Muna cikin ci dattijon da ke kusa da ni, wanda jalof ɗina ya sa shi shan ruwa kofi uku, ya tsokaneni yace Chahta chia ho̱? kai Chahta ne? Sai lambar motar gidan man nan ta dawo min, sia ni ne, chia kai ne, hoke kuma irin fa ɗinmu ko kam. Nace kiyo, Hausa sia hoke. Yace Hausa yvt nanta? Nan kuma jimlolina suka ƙare, na duba sama na duba faranti, Malama ta hango daga can tace an yafe min minti biyar na Turanci.